Ukun da Inna Ba Ta Cika Ba

Tun ina ƙarama nakan ji gwiwar Inna kafin in ga Inna. Idan za ta tashi daga bakin murhu sai gwiwar ta yi ƙas-ƙas kamar an taka busasshen kara, mu yara mu fashe da dariya, ita ma ta taya mu tana cewa ƙafar ce ke gaishe mu. Ni ce autarta. Mu biyu kawai muka rayu cikin waɗanda ta haifa, ni da Yayana da ke sayar da hatsi a Faskari. Zuwa lokacin da na yi aure na koma Ƙanƙara ina koyarwa a firamare, abin ya tashi daga na dariya. Inna ta kai sai ta dafa bango take miƙewa, salla kuwa a zaune take yin ta, tana yi tana jin haushin kanta. An yi ƙaho, an yi tsaga, an shafa man zafi iri-iri har warinsa ya kama zannuwanta. Gwiwa dai tana nan yadda take, da safe a kumbure, da yamma ta ɗan saki.

Gidanmu yana wani ƙaramin ƙauye gaba da Pauwa, kuma duk wanda ya san yankinmu a shekarun nan ya san ƙafa ba abin wasa ba ce. Tun da mutanen daji suka sa mu a gaba, abin da ake fara tambaya game da tsoho shi ne ko yana iya tafiya da kansa. Akwai ranar da aka yi kururuwa da rana tsaka, gari ya watse cikin dawa, Inna ta kasa kaiwa ko zaure. Baba ya riga ya fita, ya dawo ya zauna kusa da ita a ɗaki, suka rufe ƙofa har la'asar. Allah ya tsare, ashe ba garinmu aka nufa ba. Amma da labari ya kai wa Yaya, washegari ya iso ransa a ɓace, ya ce shi ya gama magana: in Inna ba za ta iya fita da ƙafarta ba, ɗauke ta zai yi ya kai ta gidansa, Baba kuwa in ya ga dama ya bi su, in bai ga dama ba ya zauna da gonarsa. Inna ta ce ba inda za ta, a ɗakin nan aka kawo ta, a cikinsa za a fitar da ita. Na san halinsu su biyun, babu mai lanƙwasuwa, don haka na roƙi Yaya ya bar ni in kai ta asibiti tukuna.

A asibiti aka yi mata hoto. Likita ya nuna mana yadda guringuntsin gwiwar ya cinye har ƙashi na gogar ƙashi, ya ce wanda ya tafi ba ya dawowa. Daga nan ya tura mu sashen gashin ƙashi, wurin wata ma'aikaciya siririya mai saurin magana, wadda ta ba Inna mamaki da ta ce maganin gwiwa mai ciwo shi ne a motsa ta. Inna duk rayuwarta ta ɗauka ƙafa mai ciwo lallaɓa ta ake yi a ajiye. Matar ta zaunar da ita a kujera, ta sa ta miƙe ƙafa ɗaya sambal, ta riƙe ta a sama na ɗan lokaci, ta sauke a hankali, sau goma kowace ƙafa. Sai tashi da zama ba tare da dafa komai ba, shi ma goma. Sai tafiya a tsakar gida, kullum a ƙara kaɗan. Ta ce naman cinya ne zai yi ƙarfi ya ɗauke wa gwiwa nauyi. Ta kuma ja kunnena, ni da na yi boko, cewa in aka bari na makonni, duk abin da aka tara zubewa zai yi. Ta ba mu takarda mai hotunan wata tsohuwar Baturiya da gajeren wando tana yin duk abubuwan nan.

Baba ne ya karɓe takardar. Ya daɗe yana kallon Baturiyar, ya tambaye ni ko ita wannan ba ta da 'ya'yan da za su saya mata zane. Amma ya ninke ta ya sa a aljihu, kuma daga ranar ya naɗa kansa malamin Inna. Baba mutum ne da bai yarda da rabin aiki ba. In ya ce kunya goma za a nome, to goma ce, ko hadari ya haɗo ko bai haɗo ba. Na kawo kujerar roba daga Ƙanƙara aka ajiye ta a inuwar rumbu. Kullum da hantsi, bayan ya kewayo gona, sai ya zauna a kututture ɗan bayan kujerar, ya jawo wani tsohon turmi da ya tsage aka kife shi, ya riƙa bugunsa da sandarsa. Ba ya bugawa sai ta ɗaga ƙafa ta riƙe iya yadda ransa ya kwanta, sannan ya buga, ita kuma ta sauke. Turmin yana da wata ƙara mai zurfi, kwam, da ake ji har bayan danga. Maƙwabta ma sun gane, in sun ji sai su ce an shiga aji.

Kullum sai sun yi faɗa. Inna ta ce ta yi takwas, Baba ya ce shida ne, biyun da ba ta miƙe ƙafar sosai ba shi bai gan su ba. Ta ce shi da ya iya ya zo ya gwada mana. Ya ce ai ba tasa gwiwar ce ta yi tawaye ba. Wani lokaci da gangan yake jinkirta bugun, ya bar ta da ƙafa a sama tana mita, shi kuwa yana murmushi cikin gemu. Ni ban taɓa ganin iyayena suna doguwar magana a gaban mutane ba sai a kan wannan kujera, kuma abin yana faranta mini rai ƙwarai. Cikin wata biyar ko shida Inna ta fara tashi ba tare da ta nemi bango ba. Ta je barka gidan da ke ƙarshen gari ta dawo da ƙafarta. Ranar da ta yi azahar a tsaye, da ruku'u da komai, sai da ta sa aka kira ni a waya aka faɗa mini. Yaya ya bar maganar ɗauke ta.

Baba ya rasu farkon damina, an gama shuka ke nan. Bai yi jinya ba. Aka ce mana da hantsi ne, yana zaune a inuwar rumbu, ya sunkuya kawai. Inna ce kaɗai a gidan, kuma ba ta yi kururuwa ba, ta taka har gidan maƙwabta ta kira maza. Iyakar abin da aka faɗa mana ke nan, mu ma ba mu nemi ƙari ba, don ba a tsare mai sabon rashi da tambaya.

Inna ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Gwaggo, yayar Baba, ta taso daga wajen Sabuwa ta zo taya ta zama. Gwaggo ta binne maza biyu, saboda haka a ganinta duk ƙasar nan babu wanda ya kai ta sanin takaba. Ta ɗaure wa Inna kai da tsohon kallabi. Ta danƙa mata wata 'yar wuƙa ta ce kada ta rabu da ita ko bayan gida za ta. Magana ƙasa-ƙasa, tafiya a hankali, zama a tabarma. Kujerar roba kuwa ta kai ta ɗakin ajiya ta kife a kan buhunan dusa, tana cewa ita ba ta taɓa jin inda mace mijinta ko wata bai yi a ƙasa ba ta hau kujera tana harba ƙafa sama kamar mai koyon rawa. Ina tsaye aka ɗauke kujerar. Na tuna abin da matar asibiti ta faɗa mini, na kuma yi shiru, don kada a ce auta ta yi wa yayar ubanta rashin kunya a gidan makoki. Wannan laifina ne, kuma har yau yana ci mini rai. Bayan sadakar bakwai na koma makaranta.

Da na dawo sadakar arba'in, ban gane ƙafafun Inna ba. Gwiwoyin sun yi suntum, cinyoyin kuwa sun zube. Sai mata biyu sun kama ta take miƙewa, in ta miƙe kuma sai ta cije leɓe. Ta koma salla a zaune. Yaya ma ya gani. Sai da ya zo tafiya ya tsayar da ni a zaure ya ce ranar da za ta fita takaba da mota zai zo, kuma wannan karon ba Baba da zai dawo ya zauna da ita a ɗaki. Ban iya yi masa musu ba. Masara ta fara tsawo a lokacin, kuma kowa ya san in amfanin gona ya rufe gari ne hankali ya fi tashi.

Ana ba da dogon hutu na tattara kayana na tare a gida. Niyyata ɗaya ce, in tayar da Inna kafin motar Yaya ta zo. Na fara da liman. Na same shi a ƙofar gidansa na tambaye shi daga nesa, ya ce mai takaba ba ta kwalliya, ba ta aure, ba ta fita sai da lalura, amma wuƙa da tabarma shi bai gan su a littafi ba, motsa ƙafa kuwa magani ne kamar kowane magani. Na dawo gida da wannan magana ina jin kaina, na juye wa Gwaggo ita duka. Ta saurare ni har na gama tana tsinkar zogale.

Ta ce, "Shi liman ɗin ya taɓa yin takaba?"

Na wuce ta na ɗauko kujerar na kakkaɓe na dasa ta a inuwar rumbu, ina jiran a yi ta ta ƙare. Ga mamakina Gwaggo ba ta tashi ba. Cewa kawai ta yi ga Inna nan a ɗaki, in je in tambaye ta ko ita Gwaggon ce ta hana ta. Na shiga na ce Inna ga kujera. Ta juya fuska bango ta ce sai gobe. Da gobe ta yi, ta sake cewa sai gobe. Na lallashe ta, na yi fushi, na kawo mata maganar liman, na kawo mata maganar Yaya. Ita dai tana zaune da 'yar wuƙarta a cinya, kunnenta kamar yana wani wuri.

Wanda bai zauna ƙauyenmu da damina a shekarun nan ba, ba zai gane irin shirun hantsi ba. Masu ƙarfi duk suna gona, suna sauri su gama su dawo da wuri. Gidaje da dama kuma an riga an bar su, masu su sun koma Ƙanƙara ko Funtuwa, an sa kwaɗo a ƙofa, ciyawa ta fito a bakin zaure. Da can da hantsi gari yakan cika da daka da kukan yara. Yanzu kana iya jin ƙuda daga wancan gefen tsakar gida.

A kwana na huɗu ina wanke-wanke a bakin randa na ji kwam. Ban ma ɗaga kai ba, na ɗauka wata ce ta fara daka. Amma daka tana da sauri, bugu na bin bugu. Wannan kuwa sai da aka yi jim, sannan na sake jin kwam. Hannuna ya tsaya cikin ruwa, don na san wannan tazarar. Daidai lokacin da mutum zai ɗaga ƙafa ne, ya riƙe, a ba shi izini ya sauke. Ban yi niyyar ƙirgawa ba, amma bakina ya ƙirga. Aka yi bakwai, sai aka daina.

Na daure na zagaya bayan rumbu. Turmin yana nan a kife inda yake, ciyawa ta kewaye shi, ba kowa sai wata kaza da 'ya'yanta. Sandar Baba kuwa Yaya ya tafi da ita Faskari tun ranar sadakar uku. Na waiwaya ƙofar ɗakin Inna. Ta ɗan karkata kai, leɓɓanta na motsi, kuma a fuskarta na ga wani sakin jiki da ban gani ba tun ranar rasuwa. Gwaggo ba ta ɗago daga zogalenta ba, sai dai na ji tana neman tsari a hankali. Nan na gane ba yau suka fara ji ba, na kuma gane wuƙar nan ba don al'ada kawai Gwaggo ta nace a kanta ba.

Ni malamar makaranta ce, na kuma yi islamiyya. Na san wanda ya mutu ya tafi, ba ya dawowa bugun turmi. Don haka na shiga neman abin da ke yi. Na ce ko akuyar wani ce ke tunkuyar akushi, ko ƙyauren wani gida da aka bari ne iska ke kaɗawa, ko wani ne ke saran itace can nesa. Na leƙa gidan da ke jikin namu ta kan danga. Mutanen sun tashi tun bayan arba'in, ba akuya ba kaza, ƙyaurensu kuma a ɗaure yake da waya. Ba kullum ake ji ba. A makonni biyun farko sau uku na ji, duk da hantsi, kuma ko sau ɗaya bai wuce bakwai ba, bai kuma gaza ba. Na kai in hantsi ya ƙarato sai in kama wani aiki mai ƙara, in yi ta karkaɗa kwanoni, don kada in ji. Ilimina yana gefe guda, jikina kuma bai nemi shawararsa ba.

Da na gaji, sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce turmin nan ai ya tsage, ba ya amfanar kowa, faskara shi zan yi a sa a murhu kowa ya huta. Na ɗauko gatari, na mirgino turmin tsakar gida. Inna, wadda ta fi wata biyu ba a jin muryarta daga ƙofar ɗaki, ta yi magana da ƙarfin da na san ta da shi tun ina yarinya.

"Auta, aje gatarin nan."

Na ajiye. Ta ce in zo in zauna. Na zauna a bakin tabarmarta, ta daɗe tana juya 'yar wuƙar a hannu kafin ta fara.

"Ran da ya tahi, muna cikin yi ne. Ƙahwar dama. Ya buga bakwai, na ɗaga ta takwas ina jira. Na riƙe ta sama har cinyata na rawa. Ina ta mita, ina cewa Malam yau kuma wace irin mugunta ce. Ban waiga ba, na ɗauka tsokanar da ya saba ce. Da na gaji na waiga, ashe ya daɗe da tahiya."

Ban taɓa jin wannan ba, Yaya ma bai ji ba. Ita ta ci gaba, muryarta a kwance, kamar tana faɗa mini inda ta ajiye daddawa.

"Kin san halin ubanki, bai barin aiki rabi. Shina nan shina jiran ukun nan. In na cika mashi, mi zai tsaya yi?"

Abin da ya kamata in yi shi ne in matsa kusa da ita mu yi kukanmu. Ban yi ba. Tsoro ne ya cika ni, kuma ni tsorona faɗa yake komawa, halina ne tun ina yarinya. Na ce Baba yana kabarinsa, addu'a yake bukata. Na ce abin da ke bugu a tsakar gida ko iska ce ko shaiɗan, kuma ko wanne ne ba zai ɗauke ta a baya ba ranar da aka yi kururuwa. Na tuna mata Yaya na zuwa da mota. Na ce in ta ci gaba da zama a tabarmar nan, cicciɓarta za a yi a saka a motar, ta bar ɗakin, ta bar rumbun, ta bar turmin da duk abin da take ji a cikinsa, ta je Faskari ta saurari babura. Na faɗa mata duk wannan da kakkausar murya, ni da aka ce auta ce 'yar lele. Ranar Inna ba ta ci tuwo ba.

Washegari da hantsi ta ce mu kama ta. Ni da Gwaggo muka tallafe ta har kujera, kowane taku da nishi. Gwaggo ta gyara mata zane ta koma ɗaki ta saki labule. Na mayar da turmin inda yake. Inna ta zauna, na gane jira take a fara mata. Muka jira, rana na ta hawa, inuwar rumbu na janyewa, ba mu ji komai ba. Daga ƙarshe na ɗauko muciya na zauna a kututturen Baba, jikina duk ba daɗi, kamar na sa rigar da ba tawa ba.

Ta ɗaga ƙafar dama. Ba ta wuce tsawon tafin hannu daga ƙasa ba, da Baba ne da ba zai yarda da ita ba. Na buga. Ta ce takwas, ta sauke. Ta huta, ta sake ɗagawa, na buga, ta ce tara. A ta ƙarshen ta ɗaga ta riƙe, na ɗaga muciya, ta ce in dakata. Na dakata. Cinyarta na karkarwa, zufa na bin wuyanta, hawaye na zuba, ita kuwa ta ƙi saukewa. Ban san iya lokacin da muka yi a haka ba. Hannuna ne ya gaji ko zuciyata ce ta kasa, ban sani ba, na dai buga. Ta sauke ƙafar a hankali, ba ta ce goma ba.

Ba abin da ya faru. Iska ba ta taso ba, ba wanda ya yi magana, kazar nan tana ta tonon ƙasa. Amma tsakar gidan ta zama tsakar gida kawai, kuma na ji hakan a jikina. Wannan ya fi bugun ba ni tsoro.

Daga ranar Inna ba ta sake cewa sai gobe ba. Kullum da hantsi tana kan kujera, goma dama, goma hagu, tashi da zama, sannan tafiya daga rumbu zuwa randa. Ta ce in bar bugun, ita za ta ƙirga abinta. Ba mita, ba ha'inci, ba musu a kan shida ko takwas. Wani lokaci har in so ta yi mini ƙarya ko sau ɗaya ne, ba ta yi ba. Bugun kuwa ba mu sake jin sa ba. Kunya nake ji in faɗa, amma ni da na ɗauki gatari, ni ce na koma ina ajiye kwanoni da hantsi ina kasa kunne. Gwaggo ta karɓe wuƙarta ba tare da an ce mata komai ba, na gan ta tana yanka kuɓewa da ita.

Ƙafar ta dawo a hankali. Makon farko kuka ne kawai da kumburi, ina dafa ruwa ina gasa mata. Zuwa ƙarshen hutu tana miƙewa da dafa hannu ɗaya. Na koma makaranta ina zuwa duk Juma'a da yamma in hanya ta yi lafiya, kowane zuwa in tarar an ƙara wani abu. Ta bar dafa komai. Ta kai zaure. Ta koma ruku'u. Gwaggo da bakinta ta ce mini abin nan na Baturiya ashe yana yi, ko za a gwada mata a ƙugu. Ni kuwa murna ta cika ni, ina ta shirya irin kallon da zan yi wa Yaya.

Ranar fita takaba an fara yankan masara. Inna ta yi wanka, aka yi mata kitso, ta ɗaura sabon zane. Matan da suka rage a gari suka zo, aka yi waina aka raba. Wajen azahar Yaya ya iso da motar haya, ya tsayar da ita a gindin darbejiyar ƙofar gida. Na fita na tare shi na ce kada ya shigo, ya tsaya nan jikin motar ya gani da idonsa. Na koma na faɗa wa Inna. Ta miƙe daga kujera ba ta dafa komai ba. Ta ratsa tsakar gida, ta bi ta zaure, ta tsallake dokin ƙofa, ta taka har gaban ɗanta, mata na bin ta a baya suna sa albarka. Yaya ya kalli ƙafafunta ya kalle ni, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce shi ke nan, ya janye maganarsa, ta zauna gidanta, zai sallami mai mota.

Inna ta ɗora hannu a ƙofar motar ta ce ya buɗe. Ta waiwaya ta ce wa Gwaggo ta miƙo mata ƙunshin da ke bayan ƙyaure. Ashe ta ɗaure kayanta tun kwana biyu da suka wuce, Gwaggo ta sani, ni ce ban sani ba. Na ce Inna ai an bar ki, ai don ki zauna muka yi duk wannan wahalar.

Ta dube ni, ba fushi a fuskarta ko kaɗan. Da fushi ne da na fi samun sauƙi.

"In zauna da wa, Auta? Ai babu kowa a gidan."

Yaya ya buɗe ƙofar. Motar tana da ɗan tudu, na yi sauri na miƙa hannu in taimaka mata ta hau. Ta janye hannunta a hankali, ta ce in bari, ai yanzu tana iyawa.